Bakaniken Sabon Gari da majalisar ranar Laraba

Mutumin bakanike ne a Sabon Garin Zariya, shekararsa 44. Ya yarda a rubuta labarinsa da sharaɗin kada a ambaci sunansa ko garejinsa, saboda yana da 'ya'ya mata da suka isa aure. Wannan sharaɗin kaɗai ya isa ya nuna yadda abin yake a wurinmu. Mai ciwon suga yakan faɗa a masallaci a sa shi a addu'a, amma wanda giya ta kama, ko ya shekara goma da bari, sunansa mashayi, kuma da sunan za a yi wa 'yarsa bincike idan manema sun zo.

Ya fara yana ɗan shekara 17, yana yaron gareji. Ogansa kan aike shi sayo burkutu, shi kuma ya riƙa kurɓa a hanya. Da ya samu 'yanci ya buɗe nasa wurin, sai ya koma giyar kwalba da daddare, shi da abokai biyar, a benci ɗaya, kullum bayan magariba. Wannan bencin ya zama majalisarsa. A nan ake labarin ƙwallo, a nan ake samun kwastoma, a nan ake haɗa gudummawa idan matar wani ta haihu. Duk wanda zai fahimci abin da ya faru daga baya sai ya riƙe wannan: giya ba ita kaɗai ta zauna a bencin ba.

Abin da ya ƙarasa shi giyar leda ce. Tana shiga aljihu, ba ta ƙara, kuma da canjin da ke hannu ake sayenta. Hukumar NAFDAC ta sanar da hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe ƙasa da mililita 200 a farkon 2024, amma shi tun kafin nan ta gama masa aiki. Ga lissafin yininsa a shekarun ƙarshe. Leda huɗu da safe kafin ya taɓa sifana, huɗu da rana, kwalba huɗu da dare. Ledar mililita 30 mai ƙarfin kashi 40 tana ɗauke da kusan giram 10 na tsantsar barasa. Babbar kwalbar giya mai santilita 60, mai ƙarfin kashi 5, tana da kusan giram 24. Idan aka haɗa, ya haura giram 170 a yini. Hanta kuwa ba ta iya narkar da fiye da giram 7 zuwa 10 a awa ɗaya. Wato ta daren jiya ba ta gama fita ba ta safiya ke iske ta. Shekaru da dama jininsa bai taɓa wayar gari babu giya a ciki ba.

Alamar da ta fi kowacce tona asiri ita ce ta safe. Yana tashi hannu na karkarwa, zufa, tashin zuciya, sai ya kora leda biyu sannan yatsunsa su iya kama noti. Duk wanda ya kai matakin da giya ce ke tsayar masa da rawar hannu, ya wuce mai shan nishaɗi, jikinsa ne ya dogara da ita. Likitoci suna da tambayoyi huɗu da suke gwada mutum da su: ka taɓa jin ya kamata ka rage? Kakan ji haushi in an yi maka maganar shanka? Kakan ji nadama bayan ka sha? Kakan sha da safe don jikinka ya saki? Wanda ya amsa e a biyu daga ciki, ana so a bincike shi sosai. Shi duka huɗun nasa ne.

Ba wai bai yi ƙoƙari ba. Ya rantse da Alƙur'ani a gaban mahaifiyarsa, ya yi kwana biyu. Ya sha rubutu. An ba shi wani garin magani da aka ce in an zuba a kunu zai tsani ko warinta, ya yi amai ya koma. Yayansa ya kawo shawarar gidan mari, uwar ta ce a kan gawarta, kuma ta yi daidai. Abin da 'yan sanda suka tarar a 2019 da suka buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa da Zariya da Daura ya isa hujja. Sarƙa tana hana ƙafa tafiya mashaya, amma ba ta hana mutum mutuwa a dare na uku, kuma a nan haɗarin yake.

Shi a azumi ya gamu da nasa. Daren da aka ga wata ya sha ta ban kwana, ya yi niyya da zuciya ɗaya. Kafin azahar ɗin ranar farko karkarwa ta kama shi, zuciya na bugawa, bai runtsa ba da dare. Rana ta biyu bayan la'asar ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga, ya ciji harshe. Aka ce iska ce, aka kira mai ruƙiyya. Daren na uku ya fara gane-gane, yana kakkaɓe ƙwari daga jikinsa, yana cewa akwai mutane a bayan labule, jiki zafi rau, bai gane matarsa ba. Wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya ce ta leƙo, ta ja matar gefe ta ce, "Maman yara, ki faɗa mini gaskiya, yana sha?" Da ta sunkuyar da kai, sai ta ce a nemo mota yanzu, Shika za a tafi.

A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da ya dawo hayyacinsa, likita ya yi masa bayani da yaren gareji. Giya birki ce a ƙwaƙwalwa. Shekara da shekaru kana take birki, ita kuma ƙwaƙwalwa tana ƙara totur don motar ta ci gaba da tafiya. Ranar da ka ɗage ƙafa daga birki gaba ɗaya, totur yana nan a ƙasa. Shi ke kawo karkarwa cikin awa 6 zuwa 24 da kurɓar ƙarshe, jijjiga cikin kwana biyun farko, sannan ruɗewa da gane-gane daga awa 48 zuwa 96. Wannan matakin na ƙarshe yana kisa idan ba a kula ba. Kuma duk lokacin da mutum ya daina kwatsam ya koma, dainawar gaba takan fi ta baya tsanani.

Abin da ake yi a asibiti ba asiri ba ne. Ana ba da magani irin su diazepam don ya riƙe birkin, a riƙa rage shi a hankali cikin kwanaki kamar biyar zuwa bakwai, ana auna bugun zuciya da hawan jini. Ana yin allurar bitamin B1, kafin ƙarin ruwan suga ko tare da shi, domin mashayi na fama da ƙarancinsa, kuma in aka ɗura suga babu shi ana iya jawo lalacewar ƙwaƙwalwa mai barin mutum da mantuwar da ba ta warkewa. Ana gwajin hanta, ana kuma duba ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a ƙasar nan, kuma haɗuwarsa da giya tana saurin ƙone hanta. Kuskuren da iyalai ke yawan yi shi ne su ji sunan diazepam su tafi kemis su sayo. Idan mutum ya haɗa shi da giya numfashi na iya tsayawa, in kuma ya daɗe yana sha ya sake samun wani ubangidan. Duk mai shan kullum da ke son ya yi azumi, tun a Sha'aban ya kamata ya ga likita, ko a Shika ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Kwana tara ya yi aka sallame shi. An ce hantarsa ta yi kitse amma ba ta ƙone ba, kuma irin wannan tana komawa daidai in an bar sha. Gida aka yi murna, aka yi sadaka, kowa ya ɗauka an gama.

Kwana 19 ya yi bai sha ba. Ba wata masifa ce ta faru ba. Ya tashi daga aiki, ya yi magariba, ya zauna a ƙofar gida. Dattawan unguwa na majalisarsu, ya yi sallama suka amsa da sanyin murya, babu wanda ya matsa masa wuri. Cikin gida mata da yara na kallonsa kamar ƙwai a cokali. Wayarsa ta yi ƙara, ɗaya daga cikin 'yan benci ne, ya ce, "Oga, ka zo mu gaisa kawai, lemo za ka sha." Ya sha lemon. Ya sha na biyu. A faɗarsa, bai ma tuna lokacin da ya miƙa hannu ba.

Ma'aikaciyar jinyar nan ce ta haɗa shi da wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, Kirista mutumin Wusasa, wanda ya haura shekara ashirin rabonsa da giya. Kowa Baba yake ce masa. Baba bai yi masa nasiha ba. Ya zo garejin ya zauna a kan tsohuwar taya ya ba shi labarin kansa: inda yake ɓoye kwalba a tankin ban ɗaki, yadda yake tauna citta da kanumfari kafin ya shiga gida, ranar da ya sayar da keken ɗinkin matarsa. Bakaniken ya ce tsigar jikinsa ta tashi, don shi ma kanumfari ne a aljihunsa. Da zai tafi Baba ya ce, "Ɗana, asibiti sun cire maka ita daga jini. Bencin ne ba su da maganinsa. Ka zo ranar Laraba."

Wannan dabara, ta mashayi ya zauna da mashayi, tana da tarihi. A 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda bai daɗe da barin giya ba, ya je harkar kasuwanci ta watse, ƙishin giya ya taso masa. Maimakon ya shiga mashayar otal, sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayi ya yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith. Daga zaman mutum biyun nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, kuma a 1939 suka wallafa matakai goma sha biyu na barin giya da ake bi har yau a duniya. Abin lura a nan, Bill bai je don ya ceci likitan ba, ya je ne don kansa ya tsira a wannan daren.

Zaman su Baba ba shi da suna, ba shi da allo, ba reshen kowa ba ne. Zaure ne a Tudun Wada, tabarma biyu da butar shayi, Laraba da Asabar, daga idar da magariba zuwa isha. An zaɓi lokacin da gangan, shi ne lokacin benci. Sukan kai mutum takwas zuwa goma sha biyu: direba, malamin firamare, tela, ɗan kasuwa, wani ma'aikacin gwamnati da ke ajiye motarsa nesa ya tako. Musulmi da Kirista. Sharaɗin shiga ɗaya ne, kana son ka daina.

Dokokin kaɗan ne, amma kowacce an koye ta ne da wahala. Ana barin Alhaji da Oga da Yallaɓai a bakin ƙofa tare da takalma. Kowa yana da minti biyar, kuma kansa kawai zai yi magana a kai, babu katsewa, babu wa'azi, domin duk wanda ke zauren ya sha wa'azi har ya ƙoshi kafin ya zo. Abin da aka faɗa a zaure a zaure yake kwana. Wanda ya zo a buge ba a kore shi, ya zauna ya saurara, amma ba zai yi magana ba, mutum biyu su raka shi gida. Ba a rance a tsakani, ba a haɗa kasuwanci, saboda bashi ya taɓa watsa zaman, mai bin bashi da wanda ake bi duk suka daina zuwa, ɗaya ya koma ruwa. Kuɗin shayi kowa ya jefa abin da ya samu a gwangwani, ba a karɓar na wani mai kuɗi daga waje.

Ba sa rantsuwar har abada. Duk sun yi ta sun karya, kuma karya rantsuwa na ƙara nauyin da ke mayar da mutum kwalba. Abin da suke cewa shi ne, "Yau dai ba zan sha ba, gobe ta Allah ce." Kuma kwalbar farko suke gudu, don ita ce ke da iko, ta biyar ba ta neman izinin kowa.

Baba ya zama mai riƙonsa, wato wanda zai kira a kowane lokaci. Ya ba shi aiki dalla-dalla. Na farko, hanya: ya daina bin layin da bencin yake, ko da zai zagaya ta PZ ya ƙara kuɗin mai. Na biyu, kuɗi: cinikin yini a hannun babban yaronsa na gareji, da yamma a kai wa matarsa, shi kuɗin abinci kawai a aljihu, na tsawon wata uku. Na uku, ciki: kada ya wuce azahar bai ci ba, domin yunwa da fushi da kaɗaici da gajiya su huɗun nan ne ke buɗe mata ƙofa, kuma mutum yakan ɗauka giya yake so alhali tuwo yake so. Na huɗu, idan ta motsa: ya duba agogo, ya sha ruwa ko shayi mai suga, ya tashi daga inda yake, ya kira kafin ya sha, ba bayan ya sha ba. Ƙishin giya kamar hadari yake, yana haɗuwa, ya yi duhu, yawanci cikin minti 20 zuwa 30 ya sake. Wanda bai taɓa jira ya ga sakinsa ba yana ɗauka ba ya wucewa.

Ya ci gaba da zuwa asibiti. Likita ya sa shi a kan naltrexone, ƙwaya ɗaya mai miligiram 50 kullum, wadda ke rage ƙishin da daɗin da ake ji in an sha. Kafin a ba shi sai da aka tambaye shi sau biyu ko yana shan tiramadol ko kodin, domin wanda ke shansu in ya haɗiyi wannan maganin zai faɗa cikin matsanancin ciwon janyewa nan take. A gareji wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Barci kuwa sai da ya yi kusan wata biyu kafin ya daidaita, kuma da ba a gaya masa haka abin yake ba, da rashin barcin kaɗai ya mayar da shi.

Mataki mafi ɗaci shi ne takarda. Baba ya sa ya rubuta sunan duk wanda ya cuta: kwastoman da ya karɓi kuɗin sabon kaya ya sa masa tsoho, yaron garejin da ya mara ba laifi, surukinsa da ya ranta bai biya ba. Sunaye 23. Dokar ita ce ba a zuwa da baki kawai inda ake bin ka kuɗi, a je da wani abu a hannu ko kaɗan ne, a faɗi laifin ba tare da "amma" ba. Inda kuma tonawar za ta cuci wani, a bar shi tsakaninka da Allah. Wasu sun yafe, wani ya karɓi kuɗinsa ya rufe ƙofa. Matarsa ce ta ƙarshe a takardar, kuma da ya fara magana ta ce, "Baban yara, bar shi. Ka dai dawo da wuri." Ita ma matar Baba ta zaunar da ita ta koya mata nata: ta daina yi masa ƙarya wurin kwastoma, ta daina biya masa bashin giya, ta kuma daina shinshinar bakinsa a ƙofa, domin na farkon biyu suna sauƙaƙa masa sha, na ukun kuma yana mayar da gida ofishin 'yan sanda.

A wata na bakwai ya faɗi. Wannan karon daɗi ne ya ja, ba baƙin ciki ba. Ya samu babban aiki, kuɗi sun shigo, ya ga ya warke, ya fara tsallake Asabar, sannan Laraba, ya bar maganin ba da sanin likita ba. Sai da ya yi sati uku rabonsa da zaure kafin ya taɓa leda. 'Yan zaman sun san wannan tsarin sarai, ƙafa ce ke fara ɗaukewa kafin hannu ya miƙa, shi ya sa duk wanda aka rasa sau biyu a jere ake bin sawunsa. Ya yi kwana huɗu yana sha, kuma ya bugu fiye da da, don jikin da ya huta ba ya ɗaukar abin da ya saba ɗauka.

Baba da telan suka same shi a bayan gareji. Ba su tambaye shi dalili ba. Tambayar Baba ita ce nawa ya sha, yaushe ne na ƙarshe, hannu na rawa? Suka kai shi asibiti a duba ko yana buƙatar gado, aka ce ya koma gida da magani a hannun matarsa, ya dawo bayan kwana biyu. Ranar Laraba ya tsaya a ƙofar zaure ya kasa shiga. Malamin firamaren ne ya fito, ya tsaya kusa da shi, ya ce tunda a waje suke dokar wa'azi ba ta hau kansa ba. Ya tuna masa da sahabin nan da ake kawowa gaban Annabi (SAW) a kan shan giya ba sau ɗaya ba, har wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce kada ku la'ance shi, domin yana son Allah da Manzonsa. Hadisin yana cikin Bukhari. Bakaniken ya ce ya shekara ashirin yana jin hukuncin mashayi, bai taɓa jin wannan ba. Da ya shiga, aka matsa masa wuri, aka miƙo shayi. Da layi ya zo kansa ya ce, "Kwanana ɗaya." Direban ya ce, "Ka fi ni sanin yau, ni nawa ya yi nisa har ina mantawa."

Yanzu shi ke riƙon mutum biyu. Kwanakin baya wani matashi ya zo garejin a ruɗe, ya ce sun kulle ƙaninsa a ɗaki tun jiya, sun zubar da duk abin da ya ɓoye, ga shi yana rawar jiki yana cewa yana ganin macizai. Bakaniken ya ajiye sifana, ya tambayi awa nawa rabonsa da sha, ya ce a buɗe ɗakin, shi zai tuƙa su Shika. Ya kwana a benci a bakin ɗakin jinya, ya kira Baba ya ce yau ba za a gan shi a zaure ba, ga dalili. Da yaron ya farfaɗo bayan kwana uku, ya zauna a gefen gadon ya fara ba shi labarin kanumfari.

A bangon garejin, can sama da inda ake rataye sifanu, akwai lamba da alli da yake gogewa ya sake rubutawa kowace safiya kafin yara su iso. Ranar da aka ɗauki wannan labari 1,146 ce. Yaran sun ɗauka lambar wani kayan gyara ce da Oga ke nema a kasuwa bai samu ba.